Maganin rage ƙiba: wanne ya dace da ni? Tambayoyi da amsoshi daga Birnin Kebbi

A nan Kebbi in ka shiga kemis ka ce a ba ka maganin ƙiba, sai mai shago ya tambaye ka, na ƙarawa ko na ragewa? Shekaru da dama masu neman na ƙarawa ne suka fi yawa, 'yan mata da amare masu son su murje kafin biki. Yanzu abin ya fara juyawa. Hajiya za ta zo da hoton allura a wayarta, ta ce ƙawarta ta yi a Abuja ta zube, ita ma irinta take so. Alhaji zai zo gwiwa ta hana shi sujada sai a kan kujera, likita ya ce lallai ya rage nauyi. Ni mai harhaɗa magunguna ne, kuma waɗannan su ne tambayoyin da aka fi kawo mini, tare da amsar da nake bayarwa in na sami sukunin zama da mutum.

Ta yaya zan san ƙibata ta kai ta shan magani?

Sikeli da tef ɗin tela za su gaya miki. Likitoci suna da lissafin da suke kira BMI: a ɗauki nauyi a kilo, a raba shi da tsawo a mita, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Mace mai kilo 95 da tsawon mita 1.62, lissafinta zai ba da 36. Daga 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama, ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin ciwo. Ana rubuta maganin rage ƙiba ga wanda ya kai 30, ko kuma wanda ya kai 27 alhali yana da wani ciwon da nauyi ke tsananta shi, kamar ciwon suga, hawan jini, yawan kitse a jini, ko ɗaukewar numfashi cikin barci.

In ba sikeli kusa, akwai dabarar igiya. A yanki igiya daidai tsawonki daga ƙasa zuwa tsakar ka, ki ninka ta biyu, ki zagaya cikinki da ita ta wajen cibiya. In bakinta bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne kitsen da ya fi jawo suga da ciwon zuciya.

Sai dai ba kowane nauyi ne kitse ba. Kumburin ƙafa da fuska na iya zama ruwa ne daga ciwon zuciya ko ƙoda. Akwai kuma magungunan da su kansu suke sa ƙiba: insulin, glibenclamide na masu suga, wasu magungunan taɓin hankali da farfaɗiya irin su olanzapine da valproate, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu matan. Uwa uba sha-ka-fashe, wanda galibi dexamethasone ne da cyproheptadine. Na sha ganin matar da ta shekara tana shan wannan haɗin, fuska ta yi suntum da kumburi, suga ya hau, sannan ta zo neman allurar ragewa. Irin wannan matar abin da take buƙata da farko shi ne likita ya yaye ta daga dexamethasone a hankali, domin yanke shi farat ɗaya bayan dogon sha na iya kayar da mutum.

Magungunan nawa ne, kuma me kowanne ke yi?

Mafi tsufa a kasuwarmu shi ne orlistat, wanda aka fi sani da Xenical. An amince da shi a Amurka a 1999. Kafso ne da ake sha tare da abinci har sau uku a rana, aikinsa a hanji yake, yana hana kusan kashi ɗaya bisa uku na man da aka ci shiga jiki. Ba ya taɓa sha'awar abinci. Ragin da yake yi kaɗan ne, kamar kilo 3 a shekara a kan abin da gyaran abinci kaɗai zai bayar.

Sai ƙwayoyin da ke aiki a ƙwaƙwalwa su kashe yunwa. Phentermine tun 1959 ake amfani da shi, na ɗan gajeren lokaci ne, kamar mako 12. An haɗa shi da topiramate a 2012 aka kira shi Qsymia, wanda ke rage kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na nauyi. Akwai haɗin naltrexone da bupropion, Contrave, na 2014, mai rage kamar kashi 5 zuwa 6. Waɗannan ba kasafai ake samunsu a shagunanmu ba.

Waɗanda suka tayar da ƙura su ne allurai. Hanjin ɗan Adam yana fitar da wani sinadari bayan cin abinci, ana ce masa GLP-1, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya kuma sa abinci ya daɗe a tumbi. Allurar kwaikwayonsa take yi. Liraglutide, mai suna Saxenda, kullum ake yinta, tana rage kamar kashi 8. Semaglutide sau ɗaya ce a mako. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya fito da ita da sunan Ozempic don masu suga a 2017, sannan da sunan Wegovy don ƙiba a 2021. A babban gwajin da aka yi na mako 68, masu yinta sun rage kusan kashi 15. Tirzepatide ta kamfanin Eli Lilly na Amurka, wadda ake sayarwa da sunan Mounjaro da Zepbound, sinadarai biyu take kwaikwayo, kuma a gwajin mako 72 masu yin mafi girman awo sun rage kusan kashi 21.

In muka koma kan waccan mai kilo 95: semaglutide na iya cire mata kamar kilo 14, tirzepatide kamar kilo 20. Wannan matsakaicin lissafi ne. Wata za ta wuce haka, wata kuma jikinta ba zai amsa ba sai kaɗan. Kuma duk waɗanda aka yi gwajin da su an haɗa musu da rage abinci da motsa jiki.

To ba sai in zaɓi wanda ya fi ƙarfi kawai ba?

Nan ne na fi daɗewa da mutane. Ƙiba ciwo ne na zama, irin hawan jini, ba irin zazzaɓin cizon sauro da ake shan magani kwana uku a tashi ba. Wanda ya sayi Mounjaro ta wata biyu kuɗi suka ƙare, bai ma kai awon da ke aiki sosai ba, tunda ana farawa ne da miligiram 2.5 a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu. Wegovy ma sai an yi mako 16 ana hawa kafin a kai cikakken awo na miligiram 2.4. Mutum ya sha tashin zuciyar farko, ya zubar da dukiya, ya tsaya daidai lokacin da amfanin zai fara bayyana.

Shi ya sa kafin mu ambaci sunan magani nake tambayar mutum abu huɗu. Wane ciwo kake da shi ban da ƙibar? Nawa za ka iya cirewa duk wata na tsawon shekara ba tare da gida ya shiga halin ni 'yasu ba? Ina za ka ajiye maganin? In mace ce, tana neman haihuwa ko tana shayarwa? Amsar waɗannan takan zubar da rabin jerin tun kafin a je ga batun ƙarfi.

Kuma ba kowa ne ke buƙatar rage kilo 20 ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ya isa a ga canji a suga, a hawan jini, da a gwiwa. Dattijon da burinsa ya iya zaman tahiya ba zafi, da budurwar da nauyi ya rikita mata al'ada, da mai kilo 140 da ba ya iya barci a kwance, bukatunsu ba ɗaya ba ne.

Ina da ciwon suga. Wanne ya fi mini?

Kai ne allurar ta fi yi wa rana, domin dama don masu suga nau'i na biyu aka fara yinta: tana sauke suga, tana rage nauyi a lokaci guda. Amma in kana shan glibenclamide ko kana yin insulin, dole likita ya duba awonsu, in ba haka ba suga na iya faɗuwa ƙasa warwas, mutum ya ji jiri da gumi da rawar jiki, har ya suma. Wanda suga ya riga ya taɓa masa ido, a duba idon kafin a fara semaglutide.

In aljihu bai kai allura ba, ba a rufe ƙofa ba. Metformin mai araha ne, ba ya ƙara ƙiba, yakan ma rage 'yan kilo. Empagliflozin da dapagliflozin, masu fitar da suga ta fitsari, sukan rage kilo 2 zuwa 3. Ba magungunan ƙiba ba ne a hukumance, amma sau da yawa sauya wa mai suga magani daga mai ƙara nauyi zuwa irin waɗannan ya fi a ɗora masa sabon magani a kan tsohon.

Ni kuma hawan jini ne da ciwon zuciya.

Ka nisanci phentermine, yana sa zuciya gudu. Contrave ma ba a ba wanda jininsa bai daidaita ba. Semaglutide ce ke da hujja a nan: a gwajin da aka fitar da sakamakonsa a 2023, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya amma ba su da suga, ta rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 20 cikin 100. In nauyi ya fara sauka, a riƙa auna jini akai-akai, domin maganin hawan jinin da ya yi daidai a kilo 110 yana iya yin yawa a kilo 95.

Su wa bai kamata su taɓa waɗannan magunguna ba?

Mai farfaɗiya kada ya sha Contrave. Haka wanda ke shan tramadol ko kodin, ko da likita ne ya rubuta masa, domin naltrexone da ke ciki yana karo da su, ya jefa mutum cikin mummunan hali. Wannan tambayar nakan yi ta a keɓe, kuma ina roƙon a faɗi gaskiya. Ba don a kunyata kowa ake yinta ba. Mai hawan jinin ido kada ya sha Qsymia. Allurai kuwa an hana su ga wanda shi ko wani a danginsa ya taɓa yin wani nau'in sankarar maƙogwaro da ake ce wa medulari. Maƙoƙo na yau da kullum daban ne, amma a nuna wa likita shi ya tantance. Wanda ya taɓa kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, ko yake da tsakuwa a matsarmama, shi ma sai an yi shawara sosai.

Ina son in ƙara haihuwa. Zan iya yi?

Babu ko ɗaya cikin magungunan rage ƙibar nan da ake ba mai juna biyu, kuma ba a ba da shawararsu ga mai shayarwa. Topiramate da ke cikin Qsymia yana ƙara haɗarin a haifi jariri da tsagaggen leɓe. Semaglutide takan daɗe a jiki, don haka ana dainawa aƙalla wata biyu kafin a nemi ciki.

Akwai abin da mata da yawa ba su sani ba. Macen da ƙiba ta sa al'adarta ke tsallake watanni, har ta fid da rai da haihuwa, in ta rage nauyi ƙwai na iya dawowa, ciki ya shiga tana tsakiyar allura ba ta sani ba. Ita kuma tirzepatide tana iya raunana ƙwayar tazarar haihuwa ta sha, musamman a mako huɗun farko da mako huɗu bayan kowane ƙarin awo. Saboda haka wannan magana ce ta ke da maigida da likita, a zauna a tsara: wata nawa za a yi ana rage nauyi, da wace hanya za a tsare ciki a lokacin, yaushe za a tsaya. Matar da ta rage nauyi kafin ta ɗauki ciki ta rage wa kanta haɗarin suga da hawan jinin goyon ciki, don haka tsarin yana da riba, in an bi shi daki-daki.

Nawa ne kuɗinsu?

Farashi yana bin dala, ba ya zama wuri ɗaya. Abin da zan iya cewa, allurar asali ta wata guda ta zarce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, Naira 70,000, nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan mutane daga aljihunsu suke biya. Orlistat ya fi sauƙi ƙwarai, metformin kuwa ya fi kowa. In kana cikin tsarin inshorar lafiya na KECHEMA ko na NHIA, tambayi ofishinsu abin da suke ɗauka kafin ka sa rai. Ko ba su ɗauki allurar ba, ganin likita da gwaje-gwajen jini ma wani sauƙi ne.

Ka ninka kuɗin wata sau 12. In adadin ya sa ka yi tunanin sayar da gona ko shanu, ko Hajiya ta fid da sarƙarta, ni ba na goyon baya, sai fa in likita ya ce nauyin yana barazana ga rai.

Wuta ba ta zama a unguwarmu. Ina zan ajiye allura?

Wannan tambayar a Landan ba a yinta, amma a Jega da Kamba da Argungu ita ce kan gaba. Alƙalamin allura da ba a buɗe ba, wurinsa firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Bayan an fitar da shi yana jure 'yan makonni in zafi bai wuce digiri 30 ba: Ozempic kwana 56, Wegovy kwana 28, Saxenda kwana 30. To mu kuwa a watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Maganin da ya sha irin wannan zafin ƙarfinsa yana raguwa, kuma ba lallai ido ya gane ba.

Ƙanƙara ma tana kashe shi. Kada a sa shi a sashen da ke daskarar da ruwa, kada a manna shi da ƙanƙara a cikin kula. A naɗe shi da tawul tukuna. Alƙalamin da ya daskare ya tashi aiki ko da ya narke. Masu insulin sun daɗe suna sa nasu a roba mai murfi su ajiye a jikin randa a inuwa, kuma wannan yana taimaka wa alƙalamin da ake cikin amfani da shi. Amma wanda ba shi da firji mai sola ko wani tsayayyen wuri, ya sayi na wata ɗaya-ɗaya kawai, ko ya koma ga ƙwaya.

Ka kuma tambayi mai sayarwa yadda maganin ya iso. Wanda aka ɗoro a but ɗin mota daga Legas ko Kano ba tare da sanyi ba, ko na asali ne, ya riga ya sha wuya a hanya.

Ina tsoron allura.

Bakinta ɗan ƙarami ne siriri, a ƙarƙashin fata ake yi, a ciki ko cinya ko dantse, mutum da kansa. Yawancin waɗanda na koya wa sun ce bai kai yadda suka zata ba. Sabon baki kowane lokaci, kuma ba a raba alƙalami ɗaya da kowa, ko da miji da mata ne. Akwai semaglutide ta ƙwaya mai suna Rybelsus don masu suga, ana shanta da sassafe da ɗan ruwa kafin a ci komai, a jira minti 30.

Me zan ji a jikina in na fara?

Allurai: tashin zuciya, amai, ƙwannafi, gyatsa, gudawa ko taurin bayan gida, galibi a makonnin farko da duk lokacin da aka ƙara awo. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Wanda ya yi gaggawar tsallake awo don ya ga sakamako da wuri, shi ya fi galabaita. Abincinmu yana da hannu a ciki. Malmalar tuwon shinkafa biyu da man shanu da aka saba, yanzu tumbi ba zai ɗauka ba. A rage kwano, a ci a hankali, a tsaya da zarar an ji ƙoshi ko da an ce ba ka ci komai ba. Soye-soye da tsire mai kitse su suka fi tayar da zuciya.

Tunda abincin da zai shiga kaɗan ne, a zaɓi mai gina jiki, domin ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka. Allah ya hore mana kifi daga Yauri da Argungu. Ga wake, ƙwai, awara, nono marar suga, kwaɗon zogale da rama. Lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na suga kuwa ba sa cika ciki, suna wucewa ne kawai su cinye aikin maganin. Dattawa musamman su riƙa tafiya da ɗan aikin ƙarfi, kada nauyi ya sauka ƙarfi ya bi shi.

Orlistat nasa salon daban ne. In an ci mai da yawa, man da bai shiga jiki ba ta bayan gida zai fita, wani lokaci ba tare da sallama ba, ya ɓata tufafi. Ga mai son riƙe alwala daga azahar zuwa la'asar, ko direban da ke dogon zango, ko malamin aji, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na ga waɗanda suka bar shi don haka kaɗai. Yana kuma rage shigar bitamin A, D, E da K, shi ya sa ake haɗawa da ƙwayar bitamin lokacin kwanciya.

Abin da ba a jira da shi: ciwon ciki mai tsanani da ke sokawa har baya, aman da ya hana ruwa zama, ko idanu su yi ɗorawa. A tsayar da magani a tafi asibiti a ranar. In za a yi maka tiyata ko wani aikin da za a sa ka barci, ka gaya musu kana wannan allura tun da wuri.

Azumi fa?

Mafi yawan malaman wannan zamani sun tafi a kan cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, kuma ta mako-mako dama ana iya yinta bayan buɗa-baki. Damuwata ita ce ƙishirwa. Maganin yana rage son ci da sha, in aka haɗa da amai ko gudawa a azumin bazara, ruwan jiki na iya ƙarewa har ya taɓa ƙoda. Kada a fara sabon magani ko a ƙara awo a bakin Ramadan. A fara wata ɗaya ko biyu kafin nan, ko a bari sai bayan salla. A sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur, kuma kada a tari ƙosai da soyayyen dankali da yawa a tashi ɗaya. Mai suga ya ga likitansa tun a Sha'aban.

In na kai nauyin da nake so, sai in daina?

An bi sawun waɗanda suka daina semaglutide bayan wancan gwaji na mako 68, aka tarar cikin shekara guda sun mayar da kusan kashi biyu bisa uku na abin da suka rage. Ba rashin himma ba ne. Jiki yana kare kitsensa, in nauyi ya sauka sai ya ƙara yunwa ya rage ƙona abinci, maganin ne ke danne wannan, in an janye shi yunwar ta dawo. Wasu likita kan bar su a kan ƙaramin awo, wasu a sauya musu da mai araha, wasu su daina a ci gaba da auna su duk wata. Wanda ya yi amfani da watannin magani ya saba da ƙaramin kwano da tafiyar asuba ya fi samun abin riƙewa. Ko ma wanne ne, a tsara shi tun ranar farko.

Shayin rage tumbi da ake talla a WhatsApp fa? Sun ce na ganye ne zalla.

Kallon kitse ake yi wa rogo. Da yawansu abin sa zawo ne irin filasko, ko mai sa fitsari. Sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi, alhali ruwa ne, gobe ya dawo. Masu shan Lasix, maganin sa fitsari, don su rame ma haka ne, sai dai su har gishirin jini suke zubarwa. Mafi muni, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan shayi da kafso, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In shayi ya sa ka bugun ƙirji, bushewar baki da rashin barci, ba ganye kaɗai ne a ciki ba.

Ita ma allurar tana da jabu. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka, NAFDAC ma ta yi nata gargaɗin a nan gida. A Ostiriya a 2023 an kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi jabun alƙalamin da ake zargin insulin ne a ciki. Ka yi tunanin wanda ba shi da suga ya ɗura wa kansa insulin ya kwanta barci. Araha ba ta ado: in farashi ya faɗi ƙasa da na kowa, ko an ce za a zuƙo maka a sirinji daga wata kwalba marar suna, ka bar shi. A saya a famasi mai rajista, da takardar likita, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ƙananan kemis na unguwa lasisinsu bai kai ga irin waɗannan magunguna ba.

Yaya zan gane yana yi mini aiki?

A ba shi kamar wata uku a kan cikakken awo. In ba a rage kashi 5 cikin 100 ba, wato kusan kilo 5 ga mai kilo 95, akasari likita zai ce a sauya. A auna sau ɗaya a mako, da safe, a sikeli ɗaya. Wanda nauyinsa ya yi tsanani ƙwarai, BMI 40 ko 35 da wani ciwo, kuma magani ya gaza, akwai zancen tiyatar rage tumbi, wannan kuwa sai manyan asibitoci.

Ina zan fara zuwa, kuma me zan riƙe?

A Birnin Kebbi, sashen marasa lafiya na waje a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya. Daga can in da buƙata a tura ka ga likitan suga, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Na Zuru da Yauri da Argungu su fara da babban asibitin garinsu. Za a auna nauyi da tsawo da jini, a gwada suga da ƙoda da hanta da kitsen jini, mace kuma a yi mata gwajin ciki.

Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi: na asibiti, na kemis, na gargajiya, na Islamiyya, har shayin da aka aiko maka da wanda kake jin nauyin nunawa. Ka rubuta ciwon da ke danginku, na uwa da na uba. Ka kuma tafi da adadin kuɗin da za ka iya cirewa duk wata, ka faɗa wa likita shi tun kafin ya ɗauki biro.